NIN, Lambar Waya Ko Lambar Gida: Da Me Za a Ɗaure Sunan Manomi a Rumbun Bayanai?

A daminar 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, gwamnatin tarayya ta sauya salon rabon takin zamani mai rangwame. Da can tireloli ake lodawa a tura jihohi, takin ya bi ta hannun manya, kafin ya iso gona ya rage saura ƙura. Sabon shirin, wanda aka sa wa suna GES, cewa ya yi kowane manomi ya yi rajista, a turo masa saƙo ta waya, ya je wurin dilan da aka ware masa, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu. Manoman masara da shinkafa na Dandume, da takwarorinsu na Funtua da Malumfashi, sun bi layi kamar kowa. An samu waɗanda suka amfana, wannan ba a musu. Sai dai ƙofar shiga ta zama lambar waya, kuma nan aka ga abin da ba a hango daga Abuja: gida guda mai magidanta huɗu da waya ɗaya, matar da sai ta ari wayar mijinta, manomin da layinsa ya faɗi a kasuwa tsakanin rajista da rabo, ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis.

Bayan shekara uku, a Nuwamban 2015, Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi da shirin Babban Banki na bai wa manoma rance, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Wannan karon lambar banki ta BVN aka nema. Daga ƙarshen 2020 kuma, da aka ce sai kowa ya haɗa layinsa da NIN, lambar ɗan ƙasa ta sha gaban sauran: JAMB ta wajabta ta a 2021, bankuna suka biyo baya. Manomin bai canza ba, gonarsa ba ta motsa ba, amma cikin shekara goma an kira shi da lamba iri uku.

Yanzu abin ya sauko ƙasa. Ƙungiyar manoman da ke son barin babban littafi ta koma kwamfuta, dilan takin da ke ba da bashi sai kaka, mai sito a kasuwar hatsi ta Dandume da ke ajiye wa mutane ɗari kaya, duk sai sun amsa tambayar da gwamnati ta amsa sau uku. Masu rubuta manhaja suna kiran abin babban mabuɗi. A rumbun bayanai kowane mutum layi ɗaya ne a jadawali, kuma dole a zaɓi gurbi guda wanda zai bambanta wannan layin da duk sauran. Tun 1970, da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin da yawancin rumbunan yau ke bi, sharuɗɗa biyu na farko ba su sauya ba: kada layi biyu su haɗa mabuɗi ɗaya, kuma kada a bar gurbin fanko. Na uku gogewa ce ta koyar da shi, wato kada mabuɗin ya zama abin da ke canzawa. Dalili shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Ana kwafe shi zuwa jadawalin rance, da na rabon taki, da na biyan bashi, da na hatsin da aka ajiye. Turke ne da aka ɗaure dabbobi da yawa a jikinsa. Ranar da ka tumɓuke shi don ka gyara, sai ka bi kowace igiya ka sake ɗaurewa, wadda ka manta kuma ta shiga daji.

Suna dai ba ya cikin takara, kuma duk wanda ya taɓa riƙe rajista a ƙasar Hausa ya san dalili. A kira Sani Abdullahi a taron ƙungiya, mutum uku su miƙe. A ƙara da sunan gari, sai ka tarar duk ukun Dandume suke rubutawa. Mutum ɗaya kuwa shi ne Muhammadu a takardar gona, Mohammed a banki, Mamman a bakin abokai, kuma a gidansu ba mai faɗin ko ɗaya daga ciki saboda sunan kakansa ne. Rabi'u da Sa'idu suna shan wahalar wasu manhajoji da ba sa karɓar ɗan waƙafin da ke tsakiyar sunansu. Ranar haihuwa ma ba ta ceto. Jami'in rajista ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wace rana aka haife ka?" Dattijo ya ce, "Yaro, shekarar dai bayan an yi fari ne, sauran ka cike." Sai a cike da 1 ga Janairu. Je ka duba kowace tsohuwar rajista ka ga yawan mutanen da aka haifa a wannan rana.

Lambar waya tana da magoya baya, kuma ba sakarkaru ba ne. Hujjarsu ita ce kowa ya haddace tasa, ko wanda bai yi boko ba, kuma ita kaɗai ce lambar da za ka iya gwadawa nan take: ka kira, aljihun mutum ya yi ƙara. Kamfanoni irin OPay da PalmPay sun mayar da ita lambar asusu, an cire sifirin farko kawai, mutane kuma sun karɓa hannu bibbiyu don ba sai sun haddace wata ba. Amma waɗannan kamfanoni suna da nasu lambobin a ciki, ta waya fuska ce kawai. Wanda ya ɗauke ta a matsayin mabuɗi na haƙiƙa ya gina gida a filin aro. Layi ba naka ba ne har abada: idan ya daɗe ba a amfani da shi, ƙa'idar hukumar NCC ta ba kamfani damar rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Sai a wayi gari saƙon bashin buhu biyar na wani manomin Dandume yana shiga wayar wata ɗaliba a Fatakwal. Ga kuma ƙaramar fitinar da kowane sakatare ya sani. Ka rubuta lamba a Excel, ya haɗiye sifirin farko. Ka rubuta ta da 234 a gaba, ya murɗe ta ta koma wani abu mai E+12 a wutsiya. Jami'ai uku su rubuta lamba ɗaya ta hanya uku, kwamfuta ta ƙirga mutum uku. Ina ganin a nan muhawarar ba ta da tsawo. A ajiye lambar waya a gurbinta, a riƙa sabunta ta, amma kada a ɗaure komai a jikinta.

Ainihin ja-in-ja yana tsakanin NIN da lambar da rumbun zai ƙirƙira wa kansa.

Masu cewa a yi da NIN suna fara magana ne daga ciwon da kowa ya sani, wato manoman bogi. Duk shirin tallafin da aka yi a ƙasar nan sai an ji kukan cewa wanda ba shi da ko kunya ɗaya ya karɓi taki, wani ya karɓa sau uku da suna uku, mai gona na gaskiya ya koma gida hannu rabbana. NIN lamba ce mai gurbi 11 da hukumar NIMC, wadda doka ta kafa a 2007, ke bayarwa bayan ta ɗauki zanen yatsu da hoton fuska ta kwatanta da na waɗanda ke rumbunta. Ba ta ɗauke da wata ma'ana: ba jiha a ciki, ba shekara, ba jinsi. Ta mutum ce har ya mutu, kuma ba a sake bai wa wani. To, in ji su, ga hukuma ta kashe biliyoyi ta yi maka aikin tantancewa, kai kuma kana so ka ƙirƙiro taka lambar da ba wanda ya san ta bayan ƙofar ofishinka? Idan NIN ce mabuɗi, rumbun da kansa zai ƙi karɓar mutum sau biyu, ba sai an dogara da amanar jami'i ba, kuma shugaban ƙungiya ba zai iya cusa ɗan'uwansa sau biyu ba ko da ya so. Sannan gobe idan banki ko ma'aikatar gona ta ce a kawo sunaye, ba sai an zauna ana kwatanta Mamman da Mohammed ba; lamba ta haɗu da lamba, an gama. Suna ƙarawa da cewa tun 2023 masu NIN sun haura miliyan 100, kuma adadin hawa yake yi, don haka uzurin "ba kowa ke da ita ba" kullum ƙara tsufa yake.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ban ga yadda za a ture ta da wasa ba. Wanda bai taɓa tsayawa a rana tun safe yana jiran taki, a ce masa ya ƙare, alhali yana kallon ana loda wa wani a mota ba, shi ne zai raina ta.

Sai dai ɗaya ɓangaren na cewa an haɗa tambaya biyu an ba su amsa ɗaya. Tantance mutum daban, ɗaure bayanai daban. Sharaɗin nan na cewa mabuɗi ba ya zama fanko yana nufin wanda ba shi da NIN ba zai samu ko layi a jadawali ba. Ba wai za a rubuta shi a ce ya kawo daga baya ba. A idon rumbun, babu shi. Su wa ke nan? Tsohuwar da ke noma gayaunarta ba ta taɓa zuwa cibiyar rajista ba. Wanda ya gudo daga ƙauye da dare ya bar takardunsa a ɗaki. Falken da ya zo daga Maraɗi sayen masara, yana da katin ƙasarsa amma ba shi da NIN, kuma mai sito na bin sa kuɗi. Me jami'i ke yi idan manhaja ta ƙi wucewa, ga mutum a tsaye, ga layi a bayansa? Ya cike gurbin da abin da ya samu. Ya sa ta ɗan matar, ko ta maƙwabci, ko ya jera 1 sau goma sha ɗaya. Daga ranar mabuɗin da aka ce ba ya ƙarya ya fara ƙarya, kuma ranar da ɗan ya zo yin tasa rajistar sai a ce masa ai yana ciki.

Amurka ta ɗanɗana irin wannan. A 1938 wani kamfanin jakunkunan aljihu ya sa samfurin katin lambar tsaron zamantakewa a cikin kowace jaka da ake sayarwa a shagunan Woolworth, don a ga katin na shiga. Lambar da ke jiki ta gaske ce, ta wata ma'aikaciyar kamfanin. Hukumar da ke ba da lambar ta ce a tsawon shekaru mutum sama da 40,000 sun gabatar da ita a matsayin tasu. A rumbun gwamnati lambar ta mutum ɗaya ce. A rajistar ma'aikatu da kamfanoni kuwa ta dubbai ce. Abin da ke hannun sakataren ƙungiya a Dandume ba NIN ɗin da ke rumbun NIMC ba ce, abin da aka kwafa ne daga silif ɗin da ya sha ninki a aljihu, ruwa ya taɓa shi, 3 ta koma kama da 8. Sai an tambayi NIMC ta intanet kafin a tabbatar, wannan kuwa yana buƙatar izini da kuɗi da sabis. In ba a tabbatar ba, gyaran kuskuren yatsa ɗaya ya zama sauya mabuɗi a jadawali biyar.

Akwai kuma abin da masu zama a birni ke mantawa: ba mutum kaɗai ake rajista ba. Gandu na 'yan'uwa huɗu, NIN ɗin wa za a sa? Mutum ɗaya mai gona uku, ɗaya gado, ɗaya haya, ɗaya jingina, rancen wacce ake magana? Magidanci ya rasu, lambarsa ta tafi da shi, amma gonar tana nan, bashin yana nan, magada suna nan. Gona da rance da kason hatsi a sito duk suna buƙatar mabuɗi, kuma ba hukumar da za ta ba su. Tunda dole ka ƙirƙira wa waɗannan, me zai sa mutum kaɗai ya fita daban?

Hujjar ƙarshe ta masu ƙin a yi mabuɗi da NIN ita ce ta fi shiga raina, saboda inda muke. Mabuɗi yawo yake yi. Yana fitowa a rasit, a jerin sunayen da ake mannawa a bango, a fayil ɗin da ake turawa ta WhatsApp. Rasit kuwa kowa ya san makomarsa, ko a kwandon shara ko a hannun mai ƙosai. A yankin da ake ɗauke mutum saboda an ji ya sayar da amfanin gona, takardar da ta haɗa suna da lambar ɗan ƙasa da lambar waya da yawan buhunan da aka ajiye ba takardar wasa ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin wannan a kan duk wanda ya tara, ƙaramar ƙungiya ko babban kamfani. Ita kanta NIMC a 2022 ta fito da lambar wucin gadi mai gurbi 16, wadda ke mutuwa bayan kwana uku, don mutane su daina miƙa ainihin NIN ɗinsu ga duk wanda ya tambaya. Indiya ma ta yi haka da lambarta ta Aadhaar a 2018. Idan mai ba da lambar da kansa na ƙoƙarin rage yawonta, ba daidai ba ne kai ka shuka ta a kowane jadawali.

To a ce an yarda rumbu ya ƙirƙiri tasa. Nan ma sai sabuwar gardama ta tashi, wannan karon tsakanin masu manhajar su ya su. Lamba mai bin jeri, 1, 2, 3, ko doguwar lambar nan da ake kira UUID?

Ta jeri tana da farin jini don gajera ce. Alhaji ya kira daga Funtua ya ce, "Malam Sakatare, duba min 4127," an duba. Kwamfuta ma ta fi son ta: wuri kaɗan take ci, sabon layi kullum a ƙarshen fihirisa yake sauka, nema ba ya wahala. Iyakar wadda aka saba amfani da ita 2,147,483,647 ce, ko an yi wa kowane ɗan Najeriya rajista sau takwas ba ta ƙare ba. Aibinta shi ne surutu. A yaƙin duniya na biyu, masana lissafi na ɓangaren Birtaniya da Amurka sun ƙiyasta yawan tankokin yaƙin da Jamus ke ƙerawa daga lambobin jerin waɗanda aka kama, kuma da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, ƙiyasinsu ya fi na 'yan leƙen asiri kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Haka dilan da ke ba da rasit mai lamba 310 yau, 340 mako mai zuwa, ya gaya wa abokin hamayyarsa cinikinsa. Mafi muni, mai 4127 ya san akwai 4128. A 2019 an gano takardu kusan miliyan 885 na kamfanin First American a Amurka a buɗe suke ga duk wanda ya canza lamba ɗaya a adireshin shafi. Gaskiya laifin a can na rashin mai gadi ne, ba na jeri ba. Amma jeri ne ya sa ɓarawo bai sha wahalar nema ba.

Wasu suna son su gyara jeri ta hanyar cusa masa ma'ana: haruffan jiha, lambar mazaɓa, shekara, sannan jeri. Suna nuna INEC, wadda ke kiran kowace rumfar zaɓe da lambar jiha da ta ƙaramar hukuma da ta mazaɓa da ta rumfa, Katsina ita ce 20. Tsarin ya yi wa rumfa daidai, har da aka ƙara rumfuna 56,872 a 2021 bai rushe ba, don rumfa ba ta ƙaura. Mutum kuwa yana yi, musamman a shekarun nan da ƙauyuka suka watse cikin garin Dandume da Funtua. Kai, ko mutum bai motsa ba taswira na iya motsawa a ƙarƙashinsa. Ranar 22 ga Satumban 1987 mutumin Dandume ɗan jihar Kaduna ne. Washegari ya zama ɗan jihar Katsina yana kwance a ɗakinsa. Duk lambar da aka ɗinka wa jiha a jiki ta wayi gari tana faɗin abin da ba haka ba.

Amma babbar matsalar jeri a wurinmu ba surutu ba ce. Jeri na buƙatar mai rabo guda ɗaya, wanda zai ce kai ne 501, na bayanka 502. Mai rabon nan babbar kwamfuta ce a wani wuri, sai da sabis ake jin ta. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Dandume na ciki, kuma sai da aka kwashe watanni kafin a maido. Lokacin kaka ne, lokacin biyan bashi da ajiyar hatsi. Duk tsarin da sai ya tambayi Abuja ko Legas kafin ya ba mutum lamba ya tsaya cak. In kuma kowane jami'i ya fara daga 1 a wayarsa, ranar haɗawa za a samu masu lamba 1 guda biyar. Tsofaffin akawu suna da maganin wannan tun kafin kwamfuta, wato kundin rasit: kai riƙe 1 zuwa 1,000, kai 1,001 zuwa 2,000. Yana aiki, kuma ban raina shi ba. Yana aiki ne har ranar da wayar wani ta lalace aka sake loda mata manhaja ta koma farkon kasonta, ko kason wani ya ƙare yana tsakiyar ƙauye.

UUID don wannan aka yi ta. Haruffa da lambobi 32 ne, da 'yan sanduna huɗu a tsakani, kuma kowace waya na iya ƙirƙirar ta ba tare da ta tambayi kowa ba. Nau'inta na huɗu kusan duk ƙuri'a ce, kuma filin na da faɗin da ko ana fitar da biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an shafe sama da shekara 80 kafin yiwuwar karo ɗaya ta kai rabi. Matasanmu da ke yi wa ƙungiyoyin agaji aikin tattara bayanai da KoboCollect ko ODK suna amfani da ita kullum ba su sani ba. Kowane fom da suka cike a daji da irin wannan lamba yake komowa. Masu sukar ta na cewa ta ninka babbar lambar jeri nauyi, kuma tunda ba ta bin tsari, sabon layi na faɗawa ko'ina a fihirisa, rumbu ya yi ta haki. Gaskiya ne, ga mai layi miliyan ɗari. Ga ƙungiya mai mambobi 5,000 wannan damuwar aro ce, irin ta wanda ya karanta matsalar Facebook ya ɗauka tasa ce. Ko ita ma an rage ta: ƙa'idar da aka fitar a Mayun 2024 ta zo da nau'i na bakwai, wanda ke farawa da lokacin da aka ƙirƙiri lambar sannan ƙuri'a ta biyo, don layuka su riƙa sauka kusan a jere. Sukar da ba ta da magani ita ce ta baki. Ba wanda zai karanta wa Alhaji harafi 32 ta waya, ba kuma manomin da zai haddace.

Ga inda na tsaya. Mabuɗin ciki ya zama UUID, nau'i na bakwai in manhaja ta iya, kuma kada ya taɓa fitowa a takarda. A ba mutum wata gajerar lamba a kati don kira da rasit, a sa mata lambar gadi a ƙarshe irin ta asusun banki mai gurbi 10, wadda ke sa kwamfuta ta gane yawancin kuskuren yatsa nan take. Idan kati ya ɓata a soke ta a ba da wata, ba abin da ya motsa a ciki. NIN kuma ta zauna a gurbinta a jadawali ɗaya tak, a kulle, da sharaɗi biyu: an yarda gurbin ya zama fanko, amma in an cike shi ba a yarda ya maimaitu ba. Da haka masu tsoron manoman bogi sun samu shingensu, tsohuwa mai gayauna kuma ta samu layinta. A ƙara wani gurbi da ke nuna ko an tabbatar da lambar a wurin NIMC ko kwafa kawai aka yi, domin su biyun ba darajarsu ɗaya ba.

Ban ce wannan ya kashe bakin masu NIN ba. UUID na tabbatar da cewa layi biyu ba su haɗa lamba ba, ba ta tabbatar da cewa mutum ɗaya bai mallaki layi biyu ba. Wanda ya yi rajista da safe a wata mazaɓa, da yamma a wata, ya ce wa duka jami'an ba shi da NIN, zai fita da lamba biyu masu kyau, kuma ƙofar da na bar wa tsohuwa ita ce ya bi. Ana iya ƙuntata ta: a ce rajista ba ta buƙatar NIN amma rance mai nauyi na buƙata, a ɗauki hoto, a ɗauki ma'aunin gona da waya, mai unguwa ya shaida. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma mai unguwa ma ɗan Adam ne mai 'yan'uwa. Shirin gwamnati mai rabon biliyoyi, wanda ɓarayi suka fi kewayawa, yana da hujjar matsawa kusa da NIN fiye da ƙungiyar unguwa da kowa ya san kowa. Ko shi ɗin ma shawarata ita ce ya wajabta ta a matsayin sharaɗin karɓa, kada ya mayar da ita mabuɗi, don sharaɗi ana sassauta shi da takarda ɗaya, mabuɗi kuwa sai an sake gini.

Sauran aiki shi ne ranar da aka gano Mamman da Mohammed mutum ɗaya ne. Kada a goge ɗaya, kuma kada a sake bai wa wani lambarsa, ko bayan shekara goma. A bar layin, a yi masa alamar cewa an haɗe shi da wancan, a rubuta wanda ya haɗe da ranar da aka yi, a mayar da bashin duka biyun kan wanda ya rage. Ikon yin haka kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, domin wanda ke iya haɗe layi biyu yana iya ɗora wa wani bashin da bai ci ba, ko ya shafe nasa. Sakatare ya gabatar, ma'aji ya amince, sannan a kira mai sunan a gaya masa.